Fitilar indakshin: Abin da ya kamata 'yan kasuwar Abossey Okai su sani kafin su saya

Kasuwar kayan gyaran motoci ta Abossey Okai da ke Accra ba ta rabuwa da wuta ko da an rufe shaguna. Ɗakunan ajiya da filayen da aka jibge injina da ƙofofin mota sai an haska su har gari ya waye saboda ɓarayi, mita kuwa tana ta cin kuɗi. Wannan ne ya sa nake ganin ya dace mu duba wata fitila da ba kowa ya san ta ba a Zango, wadda ake kira indakshin.

Ghana ta riga ta ga amfanin canza ƙwai. A shekarar 2007, lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo aka shiga ƙarancin wuta, gwamnati ta raba ƙwayaye miliyan 6 masu tsimin wuta kyauta, ta karɓe tsofaffin masu zare. A 2008 aka yi dokar hana shigo da masu zaren. Hukumar Makamashi ta ƙasa ta ce matakin ya rage kimanin megawat 124 a lokacin da aka fi jan wuta. Wancan na gidaje ne. Manyan fitilun waje lissafinsu daban.

Yaya take aiki? Ƙwai na yau da kullum yana da zare ko ƙarafuna a ciki, su ne ke ƙonewa har ya mutu. Ita indakshin babu su. Wani ɗan akwati ne ke tura wuta cikin naɗaɗɗiyar waya, sai a samu ƙarfin maganaɗisu da ke motsa tururin zaiba a cikin gilashin, farar hodar da aka shafe cikinsa da ita kuma ta ba da haske. Tun wajen 1890 Nikola Tesla ya nuna cewa fitila za ta iya kamawa ba tare da an jona mata waya ba, amma sai farkon shekarun 1990 kamfanin Philips ya fito da samfurinsa na QL, daga baya Osram ya kawo Endura.

Babban abin da ake yaba mata shi ne daɗewa. Masu ƙera ta na ba ta awa 60,000 zuwa 100,000, alhali ƙwai mai zare awa 1,000 ne. Na buga lissafin da kaina: idan tana ci awa 12 kowane dare, awa 60,000 ta haura shekara 13. Duk wanda ya taɓa neman tsani da mai gyaran wuta don ƙwai ɗaya a saman sito ko farfajiyar masallaci ya san darajar wannan.

Na biyu, tana kamawa nan take. Tsofaffin manyan fitilun fili idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita sai sun huce, wani lokaci minti goma ko fiye, kafin su sake kamawa. Mu da muka sha dumso tsakanin 2012 da 2016 mun san abin da minti goma na duhu ke nufi a wurin da aka tara dukiya. Haskenta kuma fari ne, ba ta kyaftawa, kana iya bambance launin waya da fentin mota, ba kamar fitilun titi masu ruwan ɗorawa ba.

Sai batun mita. Sau da yawa mai wat 200 tana maye gurbin tsohuwar mai wat 400. A awa 12 kullum, ka tsira da yunit 72 a wata kan fitila ɗaya. Mai fitila biyar, yunit 360 ke nan.

To amma fa akwai abin lura. Indakshin na ba da lumen 70 zuwa 85 a kowane wat, LED mai kyau kuwa yanzu ta wuce 120, kuma ta fi sauƙin samu a shagunan Accra. Ɗan akwatin nan yakan riga gilashin mutuwa, musamman in zafi ya yi yawa ko wuta ta dawo da ƙarfi, don haka sai da na'urar kariya. Sannan akwai zaiba a ciki, wadda guba ce. In ta fashe a buɗe ƙofofi, a kwashe da kwali, kada a bar yara ko masu jari bola su fasa ta.

Shawarata ga 'yan uwa ita ce, wanda ya riga yana da ita kuma tana aiki kada ya cire. Wanda zai sayi sabuwa ya kwatanta ta da LED: lumen nawa, wat nawa, garanti na shekara nawa, kuma ina za a samu akwatin in ya lalace. Ta hannu kuwa a yi hattara. Inji kana iya tayar da shi ka saurari ƙararsa, amma fitila ba ta nuna awa nawa ta riga ta ci.