Shagunan kayan maza a birnin Kano

Shagunan kayan maza su ne rumfuna da kantuna da zaurukan da ake sayar da tufafin maza a cikinsu, kamar babbar riga da kaftani da wando da hula da rawani. A birnin Kano wannan sana'a ta girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru. Ta faro ne daga rumfunan Kasuwar Kurmi da zaurukan unguwannin cikin ganuwa, ciki har da waɗanda a yau suke ƙarƙashin ƙaramar hukumar Gwale, irin su Mandawari da Galadanci da Diso da Dandago da Gyaranya. Hanyoyin tallar waɗannan kaya sun sauya sau da yawa, daga muryar dillali zuwa jarida da rediyo da wayar hannu, amma a kowane zamani sunan mai sayarwa da amanarsa su ne ginshiƙin cinikin.

Asali

Ana danganta kafa Kasuwar Kurmi ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. An kasa kasuwar layi-layi bisa ga irin kayan da ake sayarwa, kuma masu riguna da masu huluna suna da nasu ɓangaren. Rumfar wancan lokaci ƙarama ce, ba ta da tagar nuna kaya, ba ta da allon suna. Mai ita yakan zauna a kan tabarma ko buzu, rigunan suna ninke a gefensa, sai mai saye ya zo a warware masa.

Ba a rumfar ake yin rigar ba. Kafin ta iso kasuwa takan bi ta hannun mutane da yawa. Mata ne ke kaɗa audugar a cikin gida, masaƙa su saƙa ta ƙwarya-ƙwarya, maɗinka su harhaɗa, marina su rina, sannan a kai ta mabuga a buge ta har ta yi sheƙi. Aikin wuya da na aljihu, irin su aska biyu da aska takwas, malamai da almajirai da dama sun riƙe shi a matsayin sana'a, suna yi a zaure ko a gindin bishiya. Babbar riga mai cikakken aiki takan ɗauki watanni kafin a gama ta, shi ya sa ake ɗaukarta a matsayin dukiya: ana ba da ita kyauta, ana jinginar da ita, ana kuma gadonta.

Kayan da ake sayarwa

Daga cikin rigunan gida akwai saƙi da tsamiya da kore da gare. Akwai taguwa da 'yar shara na yau da kullum, da wando buje da kamun ƙafa. A ɓangaren rawani, ɗan Kura ya yi suna, wato baƙin rawani mai ƙyalli da ake rinawa a garin Kura da kewayensa, wanda Buzaye suke saye da yawa. Larabawan Gadamus da Tarabulus da suka zauna a birnin su ne ke kawo alkyabba da jabba da kufta da jar dara ta hanyar Sahara, kuma sarakuna da manyan malamai da attajirai ne suka fi sayen su.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa Tambutu kaɗai ana kai mata aƙalla kayan raƙumi 300 na tufafin Kano a kowace shekara.

Dillali da tallar baka

Kafin zuwan jarida, dillali shi ne babbar hanyar talla. Mai riga yakan ba shi ita, shi kuma ya rataya ta a kafaɗa ya zaga kasuwa yana nuna ta, yana faɗin kuɗin da aka taya. Idan tayi bai kai ba sai a ce "albarka", idan ya kai a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Baƙon da ya zo sari daga nesa yakan sauka a gidan fatoma, wato mai masaukin fatake, wanda zai haɗa shi da dillalan da ya yarda da su. A cikin gidaje kuwa dillaliya ce ke yawo da huluna da sauran ƙananan kaya, yara kuma suna kai tallar hular da iyayensu mata suka ɗinka.

Hugh Clapperton, ɗan Birtaniya da ya ziyarci Kano a 1824, ya rubuta abubuwa biyu game da wannan ciniki. Na farko, ya ga makaɗa suna kai da kawo a kasuwa don jawo masu saye zuwa wasu rumfuna. Na biyu, ya ce ana rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi. Idan aka kai kayan Borno ko wata ƙasa mai nisa aka buɗe aka tarar ba su da kyau, sai a mayar da su Kano, dillali ya nemo mai kayan, a tilasta masa ya biya kuɗin. Wannan rubutun suna ya yi aikin da tambarin kamfani da takardar garanti suke yi a yau.

Kyautar sarakuna ita ma talla ce. Idan sarki ya naɗa mutum sarauta ya ba shi riga da rawani, ko aka ga wani hakimi da sabon aiki a hawan Sallah, masu hali sukan nemi irinsa.

Zamanin kantuna

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, layin dogo kuma ya iso a 1911. Daga nan kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis da CFAO, da kuma UAC da aka kafa a 1929, suka buɗe kantuna a wajen ganuwa. Kalmar "kanti" kanta daga Turanci aka aro ta. Waɗannan kamfanoni sun riƙa shigo da farin yadi irin su akoko da alawayyo daga masaƙun Ingila. Kwara, wato 'yan kasuwar Labanan da Siriya, suka kafa shagunan yadi a Fagge ta kudu, wurin da ya zama Kantin Kwari.

Wannan ya sauya fasalin sana'ar. A da mutum yakan sayi riga ɗinkakkiya, yanzu kuwa sai ya yanki yadi a kanti ya kai wa tela. Keken ɗinki, musamman ƙirar Singer, ya sa kaftani da jamfa suka yi araha, shagunan teloli suka bazu a bakin titunan cikin birni. Akawu da sauran ma'aikatan da ke sa kwat da taye kuwa sukan je Sabon Gari ko manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis.

Bayan dokar mayar da wasu harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972, shagunan Kantin Kwari da yawa sun koma hannun Hausawa, waɗanda wasunsu a da yaran shagon Kwara ne ko masu karɓar kaya bashi a wurinsu.

Talla a rubuce da ta rediyo

Kantuna ne suka kawo allon suna a ƙofar shago. Masu fenti sukan rubuta sunan mai shago da boko, wani lokaci da ajami, teloli kuma su sa a zana hoton keke ko almakashi ko mutum sanye da kaftani, saboda wanda bai iya karatu ba ya gane. Kamfanonin yadi sun riƙa manna tambari mai hoto a jikin bandir, jama'a kuma suna laƙaba wa yadi suna daga hoton ko daga wani abin da ake yayi.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta buɗe fagen talla da rubutacciyar Hausa, sai dai manyan kamfanoni ne suka fi amfana da shi. Mai rumfa a Kurmi bai cika buƙatarsa ba, domin masu sayensa sun san inda yake. Rediyo ta fi dacewa da al'adar tallar baka. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da Rediyon Kano, da tashar talabijin ta CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, da Freedom Radio da ta fara aiki a 2003, duk sun ɗauki tallace-tallacen 'yan kasuwa, inda ake faɗin sunan mai shago da layinsa da lambar shagonsa. Mawaƙa irin su Mamman Shata sun yi wa attajirai waƙa, abin da ya ƙara yaɗa sunayensu. Masu shago kuma sukan buga kalanda da leda mai ɗauke da sunansu su raba wa abokan ciniki.

Halin da ake ciki

A yau shadda da yadin maza na waje ne suka cika kasuwa. Shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya tana cikin masu tsada, masu sauƙin kuɗi kuma galibi daga Sin ake kawo su. Masaƙun zamani na Kano da Kaduna da yawa sun rufe, aikin surfani na inji ya rage kasuwar ɗinkin hannu, masu ƙaramin ƙarfi kuma suna sayen gwanjo a Kasuwar Ƙofar Wambai. Rigunan saƙi da na tsamiya da alkyabba sun koma kayan sarauta da angwanci da hawan Sallah, kuma har yanzu ana samunsu a Kurmi.

A unguwannin Gwale, kamar Mandawari da Kabuga da Ɗorayi, shagunan teloli da na huluna suna cika da aiki a watan azumi da gabanin Babbar Sallah. Matasan masu shago suna ɗora hotunan ɗinki a WhatsApp da Facebook da Instagram da TikTok, suna aika kaya garuruwa a mota. Da yake jabun shadda mai ɗauke da tambarin ta ainihi ta yawaita, masu saye da yawa sun fi dogara ga mutumin da suka sani, wanda za su iya mayar wa kaya idan ba su yi ba.