Duwatsun Riruwai da Sha'anin Girgizar Ƙasa

A daren 8 ga Satumba, 2023, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin duwatsun Atlas na ƙasar Maroko. Kafin gari ya waye ƙauyuka da yawa sun zama kufai, mutane kusan 3,000 sun riga mu gidan gaskiya, tsohon masallacin Tinmel kuma ya rushe. Fatake masu bin hanyar Jos, waɗanda sukan ratsa Tudun Wada da dajin Falgore su hangi duwatsun ƙasar Doguwa, ba laifi in sun tambaya: shin namu duwatsun ma haka suke?

To, ga bayanin da masana suka yi. Ɓawon ƙasa ba guda ba ne, manyan ɓangarori ne masu tafiya sannu sannu, kamar tsirowar farce. Inda biyu suka haɗu suna turereniya, nan dutse yake tasowa, nan kuma tsaga take. Dutsen gefen tsagar yakan cije shekaru ɗaruruwa, sa'an nan ya suɓuce farat ɗaya. Wannan suɓucewa ita ce girgiza. Ɓangaren Afirka yana tura na Turai, abin da ya motsa Atlas ke nan. Ɓangaren Indiya kuwa yana kutsawa ƙarƙashin Asiya, shi ya ɗaga Himalaya, shi ne kuma sanadin girgizar Nepal ta 2015 wadda ta halaka mutane wajen 9,000.

Amma duwatsun Riruwai asalinsu dabam ne. Saiwar tsohon dutse mai aman wuta ce, wanda ya huce tun shekaru fiye da miliyan 150. Akwai tsaga a cikinsa mai tsawon kilomita 5, daga gabas zuwa yamma, sai dai ta daɗe da toshewa da ma'adinai. Kuzar da aka yi ta haƙa a can, a cikin wannan tsaga ta taru. Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa duk suna zaune ne a tsakiyar ɓangaren Afirka, nesa da bakin da ake gwabzawa. Saboda haka haɗarinsu kaɗan ne ƙwarai.

Kaɗan kuwa ba babu ba ne. A Satumba 2016 ƙasa ta girgiza a Kwoi, kudancin Kaduna, har bangaye suka tsage. A Satumba 2018 aka ji irinta a Mpape ta Abuja, mutane suka fito daga gidaje a firgice, hukuma kuma ta tsayar da fasa dutse a wurin na wani lokaci. Masana suna lura da wata doguwar tsohuwar tsaga da ta taso daga Ifewara zuwa Zungeru, kuma akwai cibiya a Toro ta ƙasar Bauchi mai na'urorin auna motsin ƙasa.

Abin da ya fi cancantar kulawa a wannan yanki shi ne madatsar Tiga ta ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Da ƙasa aka gina ta, kuma a ƙasanta akwai gonakin Kadawa da Kura da garuruwa har Wudil. An ga misali a Koyna ta Indiya a 1967, inda masana da yawa suka danganta girgiza da nauyin ruwan madatsa. Ba a ce haka za ta faru a Tiga ba, amma duba bangonta a kai a kai wajibi ne a kan hukuma.

Mai gina soro ko rumbun ajiyar kaya, ya kyautata harsashi, kada ya ɗora rufi mai nauyi a kan bango tsagagge, domin a Maroko ginin ƙasa da dutse ne ya danne mutane. In an ji motsi a cikin ɗaki, a kāre kai; in a waje ne, a nisanci bango. Masu haƙa a Riruwai su fita daga rami nan take. Malamai kuma su kwantar da hankalin jama'a, kada a bi jita-jita. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.