3.4 Jigon Amana a Finafinan 'Yan Sandan Ciki da Ra'ayoyin Masu Sharhi

A yawancin finafinan da suka shafi aikata laifi, ɗan sanda yana gefe guda, mai laifi yana ɗaya gefen, kuma mai kallo ya san inda kowa ya dosa. Finafinan 'yan sandan ciki sun saɓa wa wannan tsari, domin a cikinsu jami'i yakan yi ungulu da kan zabo, ya saje da miyagu, ya ci abinci tare da su, har su amince da shi. Ke nan ba zai ci nasarar aikinsa ba sai ya ci amanar wanda ya yarda da shi. A kan wannan matsala ne masu sharhi suka fi auna darajar irin waɗannan finafinai, ba a kan yawan harbe-harbe ba.

Fim ɗin Donnie Brasco na 1997, wanda Mike Newell ya ba da umarni, shi ne misali mafi dacewa. An gina shi a kan labarin gaskiya na Joseph Pistone, jami'in hukumar FBI ta Amurka, wanda ya kutsa cikin ƙungiyar miyagu ta Bonanno a birnin New York daga 1976 zuwa 1981, yana nuna shi mai harkar duwatsu masu daraja ne. Johnny Depp ne ya fito a matsayin jami'in, amma yabon masu sharhi ya fi karkata ga Al Pacino, wanda ya fito a matsayin Lefty, wani tsohon ɗan ƙungiya da ya tsufa bai tara komai ba. Lefty ne ya tsaya wa baƙon a gaban manyansa, kuma a dokarsu wanda ya tsaya wa maci amana ransa ne diyya. Saboda haka duk wani ci gaba da jami'in ya samu, kabarin ubangidansa yake haƙawa. A ƙarshen fim ɗin an nuna Lefty yana ajiye kayan adonsa a cikin durowa kafin ya amsa kiran da ya san ba zai dawo ba. Wannan fitowa tana da ratsa zuciya ƙwarai, sai dai an ɗan karkatar da tarihi a cikinta. Lefty na ainihi kama shi aka yi, ya yi zaman kurkuku, ya rasu a 1994. Wanda aka kashe a 1981 shi ne Sonny Black Napolitano. Duk da haka an sanya marubucin fim ɗin, Paul Attanasio, cikin masu takarar lambar Oscar.

Fim ɗin Infernal Affairs na Hong Kong (2002) ya ninka matsalar gida biyu: akwai ɗan sanda a cikin miyagu, akwai kuma ɗan miyagu a cikin 'yan sanda, kowanne yana farautar ɗan'uwansa. Wasu manazarta sun danganta ruɗanin waɗannan taurari da halin da Hong Kong ta shiga bayan Ingila ta mayar da ita ga ƙasar Sin a 1997. Martin Scorsese ya sake gina labarin a birnin Boston da sunan The Departed (2006), fim ɗin kuma ya sami lambobin Oscar huɗu, ciki har da na fim mafi kyau, ko da yake akwai masu ganin na asalin ya fi shi taƙaituwa da natsuwa.

Yadda labaran suka ƙare ma ya jawo muhawara. A fim ɗin Hong Kong an kashe ɗan sandan na gaskiya, maci amanar ya tsira da muƙaminsa, yana fama da zuciyarsa. Scorsese kuwa bai bar maci amanar da rai ba. Haka kuma an shirya wa masu kallo na babban yankin ƙasar Sin wani ƙarshe daban, inda aka kama shi.