MAN ARGAN NA MATAN KARKARAR MAROKO: ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Gabatarwa

Malamin gona da manomi, ku sani argan itace ne mai ƙaya da ke fitowa a kudu maso yammacin Maroko, a yankunan Agadir, Essawira da Tarudant. Dangi ɗaya suke da kaɗanya. Yana jure fari, saiwoyinsa kuma suna hana zaizayar ƙasa. Matan ƙabilar Amazig ne ke fitar da mai daga ƙwayarsa, domin girki da shafawa. A shekarar 1998 hukumar UNESCO ta sanya dajin cikin wuraren da ake kiyayewa. Malaman jami'a da ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam sun daɗe suna bin diddigin tambaya ɗaya: shin tsadar man tana amfanar matan, tana kuma kare itacen?

Yadda ake yin man

1. Ana tsince 'ya'yan da suka faɗo da kansu, a shanya su bushe.
2. A cire ɓawon waje, a ba dabbobi.
3. A fasa ƙwallon tsakanin duwatsu biyu, a ciro ƙwaya ɗaya zuwa uku. Wannan shi ne aiki mafi wuya, kuma akasari da hannu ake yin sa.
4. Idan man ci ne, a soya ƙwayar sama-sama. Na shafawa ba a soya shi.
5. A niƙa a dutse, a riƙa yayyafa ruwan ɗumi ana murzawa har mai ya fito.

Abin da aka gano

Farfesa Zubaida Sharruf ta Jami'ar Muhammad na Biyar da ke Rabat ta nuna cewa man da aka matse da inji, ba tare da ruwa ba, ya fi daɗewa bai lalace ba. Daga shekarar 1996 ta taimaka wajen kafa ƙungiyoyin gama kai na mata, inda ake sayar da mai da sunan ƙungiya.

Sai dai wani bincike da Travis Lybbert na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya yi da abokan aikinsa, aka buga a 2011, ya zo da gargaɗi. Kuɗin argan sun taimaka wa 'yan mata shiga makarantar sakandare. Amma magidanta sun ƙara sayen awaki, waɗanda ke hawa itacen su cinye ganye, wasu mutane kuma suka koma kakkaɓe 'ya'yan da sanda tun ba su faɗo ba. Ke nan tsada kaɗai ba ta kare itace. Shi ya sa ake ƙarfafa tsohuwar al'adar nan da suke kira agdal, wato hana kiwo a dajin lokacin nunar 'ya'ya.

Shawara ga masu sana'ar man kaɗe

Abin da ya faru da argan yana iya faruwa da kaɗanya a jihohin Neja, Kebbi da Kwara. Saboda haka:

- A tsinci 'ya'yan da suka faɗo kawai, kada a kakkaɓe.
- A shanya ƙwara a kan tabarma ko dandamali mai tsabta har ta bushe sosai, don kada ta yi funfuna.
- A dafa mai har ruwan ya ƙone, sannan a zuba a mazubi mai murfi, nesa da rana.
- Mata su haɗu a ƙungiya don sayen inji da neman kasuwa ba ta hannun dillalai ba.
- A daina sare kaɗanya don gawayi, a kuma killace ƙananan da suka tsiro a gona, domin takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya.

Malamin gona, idan ka kai wa ƙungiyar mata bayanin kasuwa, ka haɗa da dagaci da makiyaya a zaman, a tsayar da lokacin tsinta da na kiwo.