Ƙaramin Jirgin Ƙasa Mai Tururi Da Yadda Ake Koyon Tuƙa Shi

Daga Wakilinmu

Mutanen Wurno da Rabah da Goronyo ba su taɓa jin kukan jirgin ƙasa a ƙofar gida ba, domin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, har yau kuwa bai ƙara gaba ba. Saboda haka kanikawan da ke gyaran injunan ban-ruwa a fadamun Gulbin Rima sun san fetur, sun san gas, amma aikin tururi sai dai labari.

Alhali kuwa da ƙaramin jirgi mai tururi aka fara harkar dogo a Arewa. A 1901 Turawa suka shimfiɗa wani siririn dogo mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 tsakanin Zungeru da Wushishi. Daga baya aka gina irinsa daga Zariya zuwa Bukuru, tsawon mil 143, domin jigilar kuza. An gama shi a 1914, aka rufe shi a 1957.

A Ingila kuwa sana'ar ba ta mutu ba. Akwai ƙungiyoyin masu sha'awa da ke ƙera kawunan jirgi da hannunsu, faɗin dogonsu inci 5 ko inci 7 da kwata, direba yana zaune a kan taragon da ke biye. Kada mai karatu ya ɗauka abin wasan yara ne. Kwal na gaske suke ci, kuma tukunyarsu tana iya fashewa kamar ta babban jirgi.

Abin da ake fara koya wa almajiri shi ne haƙuri wajen hura wuta. Da itace ko gawayi ake somawa, sa'an nan a riƙa zuba kwal kaɗan-kaɗan a shimfiɗe, domin wutar da aka danne da kwal hayaƙi take yi, ba zafi ba. Idan aka gaggauta, wani sashe na tukunya zai buɗe kafin wani, ta fara yoyo.

Darasi na biyu shi ne ruwa, kuma nan ne rai yake. Akwai wata 'yar kwalba da ke nuna inda ruwa ya tsaya a tukunya. Muddin ya sauka har rufin murhu ya bushe, to ƙarfen zai yi laushi ya rufta. In kuma ya yi yawa, sai ya bi tururi zuwa cikin silinda, ga shi kuwa ruwa ba ya matsuwa, sai fistin ya yi ɓarna. Abin da ya ƙara wa aikin wuya shi ne, duk sa'ad da aka ɗura ruwan sanyi ƙarfin tururi raguwa yake yi, watau tilas direba ya shirya wutarsa da ruwansa tun kafin ya iso hawa. Tukunyar ƙaramin jirgi ba ta ɗaukar ruwa da yawa, don haka cikin 'yan mintoci lamari yake sauyawa. A ganinmu wannan ya sa ta fi babbar horar da mutum.

Gwaninta tana bayyana ne bayan jirgi ya kama gudu. Sabon hannu yakan bar tururi ya yi ta kwarara cikin silinda, gwani kuwa yakan datse shi da wuri, ya bar ɗan wanda ya shiga ya buɗe da kansa ya ƙarasa tura fistin. Ta haka kwal da ruwa suke auki.

Sauran gyare-gyare a bita ake yinsu: daidaita bakin da tururi ke fita ta bututun hayaƙi don wuta ta riƙa jan iska sosai, share toka daga bututai, da wanke ɓawon da ruwan rijiya ke bari. Lokaci-lokaci kuma akan cika tukunya da ruwan sanyi a matsa ta ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da take aiki da shi. A ƙungiyoyin Ingila, wanda ba shi da takardar shaidar wannan gwaji ba a barinsa ya hura wuta cikin jama'a.