YADDA A KE AUNA DOKIN GAJEREN TSERE KAFIN RANAR SUKUWA

Cikin watan Yuni, lokacin da manoman ƙasar Hausa ke fama da noman fari, masu dawaki a Ingila hankalinsu na kan Ascot, wani babban filin sukuwa da ke yamma da birnin London. Daga nan ne manyan gajerun tsere na shekara ke somawa. Akwai guda biyu a Ascot cikin mako ɗaya, na yadi 1,100 ran Talata, na yadi 1,320 ran Asabar. Sa'an nan a watan Yuli a yi July Cup a Newmarket, a watan Agusta a yi Nunthorpe a York, a watan Satumba a tafi Haydock, kāna a watan Oktoba a haye Faransa don tseren Abbaye a Longchamp. Irin waɗannan su ne tseren zubi, watau tun asali masu dawaki ne ke zuba kuɗi wuri ɗaya, wanda dokinsa ya ci ya kwashe mafi yawa.

Wani zai ce, ina ruwan shafin manoma da sukuwar Turawa? Amsa ita ce, a can sukuwa awo ce ta masu kiwo. Ingarman da ya ci babban tsere shi a ke ajiyewa don barbara, goɗiyar da ta ci kuwa ita a ke rububin saye. Wata goɗiya mai suna Marsha ta ci Nunthorpe a 2017, cikin watan Disamba na wannan shekara aka yi gwanjonta a Newmarket a kan gini miliyan 6, gini ɗaya kuwa fam ɗaya ne da sule ɗaya. Saboda haka wanda ya yi kuskuren auna doki, ya kai goɗiyarsa wurin ingarman da bai cancanta ba, sai bayan shekara uku ko huɗu zai ga hasararsa, sa'ad da dukushin ya shiga fage. Masu caca su ma suna bin waɗannan lissafe-lissafe, amma ba dominsu aka rubuta wannan ba.

ASALI DA ƘIRA

Dawakin nan da Turawa ke kira Thoroughbred suna da littafin asali wanda aka fara bugawa a 1791, ba kuwa a karɓar doki a jinsin sai iyayensa na ciki. Ta wajen uba dukansu suna komawa ga ingarmu uku da aka kawo Ingila daga ƙasashen gabas. Wanda jininsa ya fi yaɗuwa shi ne na Darley, an saye shi a Halab ta ƙasar Sham a 1704. Wani kuma, na Godolphin, ta Tunis ya biyo, har waɗansu na cewa dokin Barbar ne. In haka ne, to, yana da dangantaka ta nesa da dawakin da a ke ɗaurewa a bargar sarakunan Arewa, gama su ma akwai jinin dokin Barbar a jikinsu.

Ko da ya ke jinsin ɗaya ne, ƙirar ta rabu. Dokin dogon zango siriri ne, mai dogayen ƙafafu. Na gajeren tsere kuwa ya kan zama tattaure, gajeren baya, faffaɗan ƙirji, kuturi cike da tsoka kamar na bajimi, domin daga kuturi ƙarfin zabura ke fitowa. Masu kiwo sun daɗe da sanin wannan da ido. A 2010 wata masaniya a jami'ar Dublin, Emmeline Hill, ta nuna dalilinsa cikin jini. Akwai wata ƙwayar gado da ke iyakance girman tsoka, iri biyu ce, an laƙaba musu C da T, ko wane dukushi kuwa ya kan gāji ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya sami C biyu ya kan yi saurin ƙosawa, ya fi kyau a gajeren zango. Mai T biyu sai a hankali ya ke cika, dogon zango ne nasa. Ana iya gwada wannan da ɗan jini tun dukushi na bin uwa. Sai dai gwajin zangon doki kaɗai ya ke faɗi, ba ya cewa dokin zai ci.

KARATUN TAKARDA

Ko wane doki da zai shiga tsere ana buga sunansa da waɗansu lambobi a gefe, misali 2131. Ana karanta su daga hagu zuwa dama, na ƙarshe shi ne tseren da ya yi kwanan nan: ya zo na biyu, ya ci, ya zo na uku, ya sāke ci. Sifiri na nufin bai shiga cikin tara na farko ba. Sabon shiga ya kan ruɗu da ganin 1 jere da juna, alhali abin tambaya shi ne, su wa ya tsere wa? Tun 1971 aka kasa manyan tsere na Turai aji uku, na ɗaya shi ne ƙoli. Dokin da ya zo na huɗu a aji na ɗaya, tsawon doki biyu tsakaninsa da mai ci, sau da yawa ya fi wanda ya ci ƙananan tsere uku a jere. Gwanaye kuma su kan bi sawun waɗanda aka kayar. Idan na biyu da na uku suka je wani wuri suka ci, to, wannan tsere mai nauyi ne. Idan duk suka watse ba wanda aka sāke jin ɗuriyarsa, sai a rage wa mai cin daraja.

Da tsawon jikin doki a ke auna rata, kimanin ƙafa takwas ke nan. A busasshiyar ƙasa tsawon doki shida ke wucewa cikin sakan ɗaya. Ashe ke nan wanda aka tsere wa da tsawon doki ɗaya, kashi ɗaya cikin shida na sakan kurum ya makara. Ɗan jinkiri wajen tashi, ko wani ya tare masa hanya na ƙiftawar ido, ya isa ya jawo wannan. Shi ya sa a gajeren tsere dawakin nan su kan yi ta kā da juna bi da bi, yau wannan gobe wancan, abin da bai cika faruwa a tseren mil ɗaya da rabi ba.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce mutane suka fi mantawa. Ko wane doki akwai nauyin da aka yanka masa, mahayi da sirdi, in bai cika ba a ƙara da dalma cikin jaka ƙarƙashin sirdi. A zangon yadi 1,100 ana lissafin laba uku daidai ta ke da tsawon doki ɗaya. Ga misali. A ce kili ya ɗauki laba 133, akawal ya ɗauki 126, akawal ya ci da tsawon doki ɗaya. Bambancin laba bakwai ya fi tsawon doki biyu. Ranar da suka sāke gamuwa da kaya daidai wa daida, kili ne ya kamata ya wuce da tsawon doki ɗaya da ɗoriya, ko da ya ke takarda ta nuna shi aka kayar. A tseren aji na ɗaya ba a ƙara wa doki kaya don ya yi fice, shekaru da jinsi kaɗai a ke dubawa: goɗiya ana rage mata laba uku, ƙaramin doki kuma ana sassauta masa bisa wani ma'auni da Admiral Rous ya tsara tun ƙarni na 19. A Nunthorpe har 'yan shekara biyu an yarda su kara da manya, da ragi mai yawa, ta haka Lyric Fantasy ta ci a 1992, Kingsgate Native kuma a 2007.

FAGE DA ƘASA

Yadi 1,100 a wannan fili ba ɗaya ba ne da yadi 1,100 a wancan. Na Epsom da na Goodwood gangara ne. Na York shimfiɗe ya ke. Na Ascot kuwa hawa ne har bakin ƙarshe, dokin da ya ƙona ƙarfinsa tun farko nan ya ke sarewa.

Ba misalin da ya fi na Battaash, dokin marigayi Shaihu Hamdan Al Maktoum na Dubai. A Goodwood ya ci tsere guda sau huɗu a jere, daga 2017 zuwa 2020. A York a 2019 ya gama Nunthorpe cikin sakan 55.90, watau gudun mil 40 a awa, ya karya lokacin da Dayjur ya kafa tun 1990. Amma a Ascot sau biyu, 2018 da 2019, wani doki mai suna Blue Point ya kā da shi a kan hawan nan. Blue Point bai kai shi zafin tashi ba, sai dai ya fi shi jimiri, shaidar haka kuwa a 2019 ya ci na Talata ya komo ya ci na Asabar mai yadi 1,320. Sai da aka janye Blue Point zuwa barbara sa'an nan Battaash ya ci na Ascot a 2020. Wanda ya tambaya wanne ya fi a cikinsu, sai a ce masa, a wane fili? Mai kiwo dai zaɓi ɗaya gare shi, gama an dandaƙe Battaash tun yana ƙarami saboda tutsu, bai bar baya ba. Blue Point kuwa ya haifi Big Evs da Rosallion, dukansu sun ci tseren aji na ɗaya.

Bayan siffar fili sai halin ƙasa. A kan ciyawa a ke yawancin sukuwa a Ingila, ruwa kuwa ba shi da lokaci, don haka kafin ko wane tsere hukumar fili ta kan sanar ko ƙasa ta yi tauri, ko daidai, ko laushi, ko caɓi. Manomi ba ya bukatar dogon bayani a nan, ya san bambancin tafiya a jigawa da tafiya a fadama bayan ruwa. Dokin da ke shafar ƙasa da kofato, ba ya ɗaga gwiwa, ya fi son busasshiya. Mai ɗaga gwiwa yana dukan ƙasa ya fi jin daɗin mai laushi. Lokacin da aka yi a kan busasshiyar ƙasa da iska a baya, ba a gwama shi da wanda aka yi cikin caɓi. Har wurin tsayawa ma yana da tasiri. Tun 1965 aka fara sa dawaki cikin 'yan ɗakunan ƙarfe masu ƙofa a jere, a buɗe su gaba ɗaya, ƙuri'a ce kuwa ke ba ko wanne lambarsa. A fili mai lanƙwasa irin na Chester, na kusa da shingen ciki ya sami gajeruwar hanya. A miƙaƙƙen fili dawaki su kan rabu ƙungiya biyu, wanda ya faɗa ɓangaren da ba mai ja da sauri ya kan ga an gama da shi daga wancan gefe.

ABIN DA IDO KE GANI

Takarda labarin jiya ta ke bayarwa. Lafiyar doki ta yau sai a da'irar da a ke zagayawa da su kafin a hau, a nan kuwa ɗan barga na Kano ko na Katsina ba abin da Bature zai koya masa. A duba gashi ko yana sheƙi, a duba ido, a duba tafiya ko kofaton baya na sauka a kan sawun na gaba ko ma ya zarce shi. Haƙarƙari ya ɗan nuna kaɗan, ciki a ɗame, amma kuturi a cike. Ɗan jiɓi a wuya ranar zafi ba kome ba ne. Farar kumfa tsakanin cinyoyi tun ba a ɗaura sirdi ba, da cizon linzami, da harbin iska, alama ce dokin yana cinye ƙarfinsa kafin a tashi. Haka ta sami Battaash a York a 2017, ya tayar da hankalinsa a bakin ƙofar tashi, ya ƙare na huɗu.

Numfashi ma abin saurare ne. Akwai dawakin da maƙogwaronsu ke shanyewa gefe ɗaya, in suna gudu a ji suna fito ko gurnani, iska ba ta isarsu. Likitocin dabbobi na yi musu aiki, tun watan Janairu na 2018 kuwa doka ta tilasta a Ingila a sanar da jama'a in an yi wa dokin da ya taɓa tsere irin wannan aiki. Haɓo bayan sukuwa shi ma aibi ne babba, gama daga huhu jinin ke fitowa. A kuma lura da kwana nawa doki ya yi rabonsa da fage, da nisan tafiyar da ya sha. Black Caviar, goɗiyar Ostareliya wadda ta yi tsere 25 ba a taɓa kā da ita ba, da ta zo Ascot a 2012 da kai ɗaya tak ta tsira. Mahayinta ya sassauta mata tun ba a kai ba, daga baya kuma aka tarar ta yage tsoka cikin tseren. Wanda ya dubi ratar kai ɗaya kurum sai ya ce ƙarfinta ya ƙare, alhali ta koma gida ta ci uku a 2013 kafin a sallame ta.

Dayjur da aka ambata ɗazu, shi ma na Shaihu Hamdan ne. A 1990 ya ci na Ascot, ya ci Nunthorpe, ya ci na Haydock, ya ci Abbaye, aka ɗauke shi zuwa filin Belmont a New York don babban gajeren tsere na Amurka. Fagen ƙasa ne ba ciyawa ba, ga lanƙwasa, ga shi ƙuri'a ta jefa shi can waje, duk da haka ya cim ma goɗiyar da ke gaba, Safely Kept, har ya ɗan wuce ta. Saura 'yan yaduna a gama sai ya ga inuwar rumfar 'yan kallo kwance a kan fage, ya daka tsalle ya tsallake ta kamar rami. Kafin ya daidaita ƙafafunsa goɗiyar ta wuce shi da tsawon wuya.