Ƙari a hanta, amma daga ina ya taso?

A ce an yi wa wani hoton ciki, aka ga ƙari a hantarsa. Za ka zaci kansar hanta ce. Sau da yawa kuwa baƙo ne ya sauka a wurin, asalinsa wata gaɓa ce daban. Haka ƙarin niyuroendokirin ke yi: yana tasowa daga ƙwayoyin halitta masu fitar da homon a hanji, ko huhu, ko fankiriyas mai samar da insulin. Na asalin yakan yi ƙanƙanta har hoto ya kasa nuna shi.

To ta yaya ake gane shi? Likita zai ciro ɗan tsoka da allura. A ɗakin gwaji a yanka shi siriri, a zuba masa sinadarin da ke manne wa furotin guda kaɗai. In furotin ɗin na nan, wurin zai rine ya koma ruwan ƙasa a ƙarƙashin madubin likita.

Tambayar farko: wannan irin ƙarin ne? Kuromogiranin A da sinaftofaisin da INSM1 ke amsa ta. Ta biyu ta fi daɗin bayani. Ƙwayar da ta bar gida ba ta goge tsagar gidansu. In an ga CDX2, hankali ya koma kan ƙaramin hanji, TTF-1, huhu, ISL1, galibi fankiriyas. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don maganin da ke aiki sosai a na fankiriyas ba lallai ya yi a na hanji ba, kuma likitan tiyata na buƙatar sanin inda zai duba.

Sai Ki-67, mai nuna yawan ƙwayoyin da ke rabuwa. Ƙasa da kashi 3 cikin 100 mataki na 1 ne, 3 zuwa 20 na 2, sama da 20 na 3.

Amma fa kada ka ɗauki alama ɗaya a matsayin hukunci. A ƙari mai saurin yaɗuwa, TTF-1 kan fito ko da ba daga huhu ya taso ba. Gwajin kuromogiranin na jini ma yana ruɗarwa: omeprazole, da mutane da yawa ke sha don gyambon ciki, yana ɗaga shi, haka ciwon ƙoda. In za a yi maka wannan gwajin, ka gaya wa likita duk maganin da kake sha.